Gajerun fina-finai ba ɓata lokaci ba ne ga ɗan wasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan wasan da ya daɗe yana fitowa a gajerun fina-finai kan abota da sanin asali yana ɓata lokacinsa ne. Wallahi a'a.

Kuɗi dai ba su taka kara sun karya ba. Amma dubi aikin. A fim na minti 12 babu wurin ɓuya. Abokai biyu na zaune, ɗaya ya furta abin da ya daɗe yana ɓoyewa game da asalinsa, ɗayan ya sunkuyar da kai yana murza yatsu, bai ce uffan ba. Fim ɗin kacokan yana cikin wannan shirun, ga kyamara daf da fuska. Irin wannan wurin ne ke taɓa ni, kuma wanda ya iya shi darektoci ba sa mantawa da shi.

Ana kuma kallon gajerun fina-finan. Bikin Clermont-Ferrand na Faransa na gajerun fina-finai ne zalla. Riz Ahmed, ɗan wasan Birtaniya mai asali da Pakistan, da gajeren fim kan ƙyamar baƙi ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a 2022.

Ɗan wasan da kake tambaya a kansa dai ya riƙa karɓar kwafin kowane fim, ya haɗa wuraren da ya fi burgewa don nuna wa masu zaɓen 'yan wasa.