Baƙo ɗaki ɗaya ake ba shi

"Maigida, wani kamfani na waje zai riƙa turo mana fayiloli, mu ma mu tura masa. Me zai hana mu buɗe masa FTP a sabarmu?"

Yaro, rabu da FTP, tsohuwar hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci. A fili yake tura komai, har kalmar sirri, duk wanda ya kasa kunne a layin zai karanta. SFTP za ka kafa. Ta cikin SSH yake bi, wato kulallen layin shiga sabar daga nesa, a ƙofa ta 22, kuma komai a kulle yake tafiya. Kada ka haɗa shi da FTPS, wancan ƙofofi da yawa yake nema, sai ya ba ka ciwon kai a katangar tsaro.

Kowane baƙo da asusunsa, kuma da makulli zai shigo, ba da kalmar sirri ba. Shi zai ƙera makullin a kwamfutarsa da ssh-keygen -t ed25519. Fayil biyu za su fito. Mai .pub a ƙarshe shi zai turo maka ka zuba a authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka yarda su buɗe asusunsa. Idan ya yi kuskure ya turo ɗayan, wato na sirri, makullin ya tashi aiki, ya ƙera sabo.

Yanzu ga inda aikin yake. A ƙarshen sshd_config, fayil ɗin saitin SSH na sabar, ka rubuta Match Group baki (baki shi ne rukunin asusun baƙi), ƙarƙashinsa ChrootDirectory /srv/sftp/%u, sai ForceCommand internal-sftp, AllowTcpForwarding no da PasswordAuthentication no. Wannan ne zai kulle shi a ɗakinsa, wato jaka mai sunan asusunsa a /srv/sftp, ba ya leƙa na wani, ba ya ba sabar umarni. Sai dai OpenSSH, manhajar SSH ɗin, na da tsauri a nan: ɗakin da duk manyan jakunkunan da ke samansa dole su zama mallakar root, babban asusun sabar, kuma babu wani mai izinin rubutu a ciki sai shi, wato lambar izini 755. Masu koyo sukan mallaka wa baƙon ɗakin don ya samu damar ajiya, sai sabar ta karɓi makullin ta kuma yanke layin nan take. Ka duba kundin sabar, za ka ga bad ownership or modes. Maganinsa ka yi ƙaramar jaka a ciki, ita kaɗai ka mallaka masa.

Kafin ka sake tada sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, ka gwada saitin da sshd -t, kuma ka bar wata tagar da ka shiga sabar da ita a buɗe. Kuskuren harafi ɗaya kan kulle mai gida a waje.

Ranar da zai fara shiga, manhajar tura fayil irin FileZilla ko WinSCP za ta nuna masa tambarin makullin sabar. Ka karanta masa naka ta waya ya gwada, domin yawanci dannawa kawai suke yi su wuce.

Kullen nan na kan hanya ne kawai. Fayil na sauka, a buɗe yake zaune, don haka mai nauyi, irin takardar albashi, a kulle shi da manhajar gpg kafin a turo. Asusun kuma ka sa masa ranar ƙarewa da chage -E tun ranar buɗewa, kwangila na ƙarewa ka goge makullinsa.