Tambaya da Amsa: Me Ya Kamata in Gani a Badagry?

Tambaya: Ni malamar tarihi ce, kuma ina shirin kai ɗalibaina Badagry da ke gabar teku a Jihar Legas. Daga ina za mu fara, kuma da gaske ne benen farko a Najeriya yana can?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Ku fara da titin Marina da ke bakin ruwa, domin yawancin wuraren suna jere a kansa, ana zagawa da ƙafa. Gidan tarihin garin yana cikin tsohon ofishin Di'o, wanda aka gina a 1863, shekarar da Ingila ta karɓe ikon garin.

Shi benen da kika tambaya, 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, ne suka gina shi, aka kammala a 1845 a ƙarƙashin Rabaran Gollmer. Amma a gyara wa ɗalibai zance: shi ne bene na farko irin ginin Turawa, domin tun kafin nan magina a Kano da Zariya suna ɗora soro a kan soro da ƙasa da azara. Kada kuma ku ɓata lokaci wajen neman bishiyar Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Guguwa ta kayar da ita a 1959, hasumiya ce aka kafa a gurbinta.

Inda ya fi cancanta ku daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40 da aka riƙa tsare bayi a ciki. Shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya dawo ya shiga cinikin, kuma wannan kaɗai ya isa darasin yini guda. Ku bar ɗalibai su shiga ɗaya daga cikin ɗakunan, su ga ƙanƙantarsa, su ɗaga sarƙoƙin bayi da hannunsu.

Daga nan sai ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ku bi hanyar da bayi suka bi har bakin teku. A nan ne ake yawan yin kuskure: a tafi da tsakar rana, rairayi ya yi zafi, ga ƙarancin inuwa, yara su galabaita kafin su kai. Ku tsallaka da safe, kowa da ruwan sha da takalmi rufaffe, kuma kada wanda ya shiga jirgi ba rigar kariya. Rijiyar da ke kan hanya, wadda ake cewa ruwanta na mantar da bayi gida, a gabatar da ita a matsayin labarin baka.

Ki kuma gaya musu cewa daga Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya kama hanya a Disamba 1825 zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827.