Ƙyallen hannun rigar sojan Jamus: dama ko hagu?

Malam, ka tambaya me ya sa a hotunan Yaƙin Duniya na Biyu wani sojan Jamus ke da siririn ƙyalle mai rubutu a hannun dama, wani kuma a hagu. Ba ra'ayin tela ba ne, doka ce.

Ana ɗinka shi ne ya zagaye hannun riga, kimanin santimita 15 daga bakin hannun, rubutun na kallon waje. Iri biyu ne. Akwai na sunan runduna, akwai kuma wanda tamkar lambar yabo ce ta fagen daga.

Dubi na Arewacin Afirka, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wanda aka rubuta AFRIKAKORPS, na 1941, a dama yake, yana nuna cewa mai shi yana cikin dakarun Janar Rommel, kwamandan Jamus, a Libiya. A 1943 aka fito da wani mai ruwan ƙasa, an rubuta AFRIKA tsakanin bishiyoyin dabino biyu. Wannan a hagu ake sa shi, kuma sai wanda ya cancanta. Haka ma KRETA, fari mai rubutu ruwan ɗorawa, na waɗanda suka yi yaƙin tsibirin Kirit na ƙasar Girka a 1941.

Rundunar Großdeutschland a dama take sa nata. 'Yan SS kuwa, wato dakarun jam'iyyar Nazi, nasu ƙyallen baƙi ne, a hagu.

Af, in saye za ka yi ta intanet, yi hattara, jabu sun cika kasuwar. A Jamus ma nuna alamomin SS a bainar jama'a laifi ne.