Taliya Ce, Ba Indomie Ba: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a Koriya ta Kudu ya rubuto cewa abokansa sun kai shi wani daɗaɗɗen gidan abinci na Sinawa a birnin Incheon, aka kawo musu jajangmyeon. Yana so ya san ko daidai ne ya gaya wa mutanen gida cewa ya ci "baƙar Indomie".

Amsa: Ba daidai ba ne, kuma wannan kasala ta harshe ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Indomie sunan hajar kamfani ne, amma yanzu duk abin da ya yi tsawo ya yi santsi a kwano sai matasa su liƙa masa wannan suna, alhali muna da kalmar taliya tun zamanin da iyayenmu mata ke murza ta da inji suna shanyawa a igiya. Abin da ka ci taliyar alkama ce mai kauri, an kwarara mata baƙar miya mai yanka-yankan albasa. Baƙin ya fito ne daga chunjang, wato ruɓaɓɓen waken suya da ake soyawa a mai, wanda aikinsa a tukunyarsu ya yi kusa da na daddawa a tamu. Mutanen lardin Shandong na ƙasar Sin ne suka shigo da girkin bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Incheon a 1883, kuma tsohon ginin gidan abincin Gonghwachun ya zama gidan tarihin wannan taliya a 2012. Su kansu Koriyawa sun sha jayayya a kan sunan: hukumar harshensu ta tsaya a kan jajangmyeon, jama'a na furta jjajangmyeon, har hukumar ta amince da duka biyun a 2011. Ka ce "taliya da baƙar miya", kowa zai gane.

Tambaya: Ɗalibin ya ƙara da tambayar ko ruwan jjamppong, wata taliyar da ake kawowa cikin ruwa, miya ne.

Amsa: Romo ne. Miya tana da kauri, tana kama abinci. Wannan kuwa jan ruwa ne mai yaji da ƙananan halittun teku a ciki, kurɓarsa ake yi kamar farfesu.

Tambaya: Wata mai karatu ta tambaya ko karin maganar "da tsohuwar zuma ake magani" ta dace da irin waɗannan gidajen abinci.

Amsa: Ta dace, muddin daɗewar ce ta kawo ƙwarewar, kamar inda ɗa ya gaji hannun uba a girki. Idan ginin ne kawai ya tsufa, masu dafuwar kuma sababbi ne, an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba.

Tambaya: Yaya za a faɗi da Hausa gardamar Koriyawa a kan cin tangsuyuk, wato soyayyen nama da ake ci da miya mai zaƙi da tsami?

Amsa: Gardama ce tsakanin masu zubawa da masu tsomawa: wasu suna juye miyar mai zaƙi da tsami a kan soyayyen naman, wasu suna dangwala kowane yanka don kada ya yi laushi. "Dangwala" ta fi "tsoma" dacewa, domin bakin naman kawai ke taɓa miyar. Ɗalibinmu dai ya riƙa tambaya kafin ya kai loma, domin galibi da naman alade ake yin tangsuyuk, haka ma miyar jajangmyeon.