Me ya sa ake cewa labarina bai kama hankali ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta labarin wata mai tallar ƙuli-ƙuli da ta tsinci jaka cike da kuɗi, ta buɗe shago, ta yi arziki. Kowa ya karanta sai ya ce bai kama hankali ba, alhali ana tsintuwa a duniya. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ana tsintuwa kam, sai dai yarinyar nan ba ta yi komai ba arziki ya same ta, shi ya sa mai karatu ya ƙi yarda. Sa'a na iya jefa jarumarki cikin tsaka mai wuya, amma fitowa sai da halinta da dabararta. Kada ki cire tsintuwar, ki mai da ita jarrabawa: ana cigiyar kuɗin a masallaci bayan sallar Juma'a, uwarta na kwance a likita, ita kuwa ta riga ta taɓa jika biyar (sefa dubu biyar) a cikin kuɗin. Duk abin da ta zaɓa akwai asara a ciki, mai karatu kuma zai bi ta don ya ga ƙarshenta.

Sannan ki gyara bakinta. Mai talla a Maraɗi dala ashirin take cewa, ba sefa ɗari ba. Ki zauna wurin mai yin ƙuli-ƙuli yini guda, ki tambaya: tiyar gyaɗa nawa take soyawa, kwalbar mai nawa ke fita, ribar a man take ko a ƙulin? Abu uku na gaskiya irin waɗannan sun fi shafi guda na kwatanta kyawun fuska.

Tambaya: Kakata na ba ni labarin ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta sa garin Maraɗi ya hau tudu. Zan iya ƙara mata magana don rubutun ya yi daɗi? Daga wani mai karatu a Tibiri.

Amsa: A'a, malam. Tunda ka ce labarin gaskiya ne, abin da ba ta faɗa ba kada ka sa mata a baki. Ka ɗauki muryarta a waya, da izininta. Tsofaffi ba da shekara suke lissafi ba, don haka tambaye ta abin da suka ɗauka da suka fita, da inda suka kwana. Bayan mako ka sake tambaya, ka kuma ji daga wani dattijo. In sun saɓa, rubuta duka biyun, ka faɗi wanda ya ce kowanne.