Amsa kan kuskuren rubutu a gwanjon eBay

Malam, ka tambaya ko kurakuran rubutun da ake gani a tallan kayan gwanjo na eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, abin dariya ne kawai, ko kuwa suna jawo wa mai kaya asara. Asarar ta fi dariyar yawa, domin mai saye sunan kaya yake rubutawa a wurin nema, kuma idan mai kwamfuta ya rubuta "labtop", masu neman "laptop" da yawa ba za su ga kayansa ba, sai masu tayawa su yi ƙaranci, farashi ya kwanta.

A shekarar 2007 wani ya saka tsohuwar kwalbar giya ta Allsopp's Arctic Ale, wadda aka ce an yi ta a 1852 domin matafiyan Ingila masu zuwa yankin ƙanƙara, amma ya manta harafin "p" guda ɗaya. Dala 304 aka saye ta. Wanda ya saya ya gyara rubutun ya sake sakawa, tayi ya haura dala 500,000, ko da yake mai tayin ƙarshe bai biya ba. Har shafin FatFingers aka buɗe wa masu farautar irin wannan kuskure, kuma ni ina tausaya wa masu sayarwar, don yawancinsu ba su san abin da ya kashe musu kasuwa ba.