Akwatin Tambayoyin Fasaha: Alhaji, Cire Baƙin Salatif ɗin Nan Daga Fitilar Inji

Assalamu alaikum. Wannan makon waya da kwamfuta sun ɗan huta, domin saƙonnin da suka taru kusan duk na mota ne. Na karɓe su hannu bibbiyu, tunda allon da ke bayan sitiyari yanzu kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma a wasu tambayoyin ma wayar ce ke kawo rigimar.

Wani matashi daga Asawase ya rubuto: "Malam, Corolla ce da ni 'yar Amurka. An tare ni a hanyar Ejisu an ce na wuce ƙa'idar gudu, alhali allurata tana kan 60 ne kacal. Na'urarsu ce ta lalace?"

Ƙanina, na'urarsu lafiyarta ƙalau. Motarka da mil take ƙirga, mu kuma a Ghana da kilomita muke aiki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, ka ga 60 ɗin naka ya kusa kilomita 97 ke nan. Ka ƙura wa agogon gudun ido, akwai ƙananan lambobi a zagayen ciki, su ne naka. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta yanke 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a motowe irin ta Accra zuwa Tema. A manyan lambobin motarka su ne 31 da 56 da 62. Haddace su kamar lambar wayar budurwarka. Haka kuma idan fita, wato makanike, ya ce ka dawo canjin baƙin mai bayan kilomita 5,000, a lissafin motarka mil 3,100 yake nufi.

Wata Hajiya daga Aboabo a Kumasi: "Vitz na saya. Rediyon yana kama Zuria FM tangaram, amma ya ƙi zuwa Luv FM da Nhyira. Ga rubutun duk na Japan, ban san me nake dannawa ba."

Hajiya, rediyonki bai lalace ba, iyakacin inda aka koya masa ke nan. A Japan tashoshin FM suna zaune ne daga mita 76 zuwa 90, sababbin rediyoyinsu su kai 95. Namu kuwa daga 87.5 suke farawa har 108. Zuria tana kan 88.7, ta faɗo cikin ɗan tsakanin da bangarorin biyu suka haɗu, shi ya sa kike jin ta. Luv tana 99.5, Nhyira 104.5, sun fi ƙarfinsa. Da a Accra kike, Marhaba FM ma da ke 99.3 ba za ki ji ta ba.

Akwai wata 'yar na'ura da masu wayarin suke ɗaurawa tsakanin eriya da rediyo, tana sauko da tashoshin zuwa inda zai iya kamawa. Tana aiki, sai dai lambar da za ki gani a allo ba ita ce lambar tashar ta gaskiya ba, wani lokaci kuma tasha biyu su hau kan juna. Ni dai shawarata a cire rediyon a sa wani mai sauƙi, mai maɓallan da hannu ke ji ba tare da an kalla ba. Kafin nan, buɗe Google Translate, ki juya kyamara kan allon, zai karanta miki rubutun. A tsaye za ki yi wannan, ba a cunkoson Kejetia ba.

Wani Alhaji mai motocin haya daga Nima: "Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta shekara a kunne a ɗaya daga motocina. Fita ya ce haka motocin waje suke, ba komai ba ne, ya liƙa mata baƙin salatif don kada ta dami direba. Jiya kuma wata ja mai kama da buta ta fara leƙowa idan an tsaya a danja. Ita ma a liƙe ta?"

Alhaji, don girman Allah kada motar nan ta fita aiki gobe. Ka karɓi makullin daga hannun direba tun kafin ka gama karanta amsar nan.

Butar nan mai ɗigo a baki alamar baƙin mai ce, kuma yawancin mutane sun yi mata mummunar fahimta. Suna zaton cewa take yi mai ya ɗan ragu, a ƙara idan an samu sarari. Abin da take faɗi ya fi haka muni: ƙarfin da ke tura mai zuwa cikin gaɓoɓin inji ya faɗi. Ƙarfe yana gugar ƙarfe ke nan ba tare da abin da zai raba su ba. Leƙowar da take yi a danja kuwa, don a lokacin ne inji ke juyawa a hankali, famfon mai ma yana juyawa a hankali, sai raunin ya bayyana. Wataƙila man ne ya yi ƙasa, wataƙila rariyar famfon ta toshe da dauɗa, wataƙila metal ya cinye, wataƙila kuma ɗan firikwensin ne kawai ya mutu. Ba a sanin wanne ne ta hanyar zato. A zaro sandar awo a duba mai. Idan ya cika amma fitilar ba ta daina ba, a sa agogon awon ƙarfin mai na hannu a gwada, kuma a ja motar zuwa wurin gyara, kada a tuƙa ta. Inji yana iya bugawa cikin 'yan mintuna a wannan hali, kuma ka fi ni sanin abin da ake cewa kuɗin wani injin a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra.

Yanzu bari in dawo kan salatif, domin wannan al'ada ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Fitilar inji guda ɗaya ce tak, amma ƙorafe-ƙorafen da take ɗauke da su ɗaruruwa ne. Yau tana iya kunnuwa don an bar murfin tanki a sake a gidan mai. Gobe tana iya kunnuwa don filogi ɗaya ya daina wuta, ɗanyen fetur yana kwarara cikin salansa. Wanda ya bar ta a kunne shekara guda a kan ƙaramar matsala, ranar da babbar ta zo ba shi da mai gaya masa, domin bakin da zai yi maganar an riga an toshe shi. Akwai ma lokacin da ba tsayawa take a kunne ba, ƙiftawa take yi. Wannan yana nufin inji yana tsallake wuta sosai, har katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na iya ƙonewa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Direbanka zai ga ƙiftawar ta bayan salatif?

Kuma maganar "haka motocin waje suke" ba gaskiya ba ce. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka dole tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2, motocin Turai da sauran ƙasashe ma suka biyo baya. Ta nan motar take faɗin ainihin abin da ke damunta da lamba. Akwai ɗan ƙaramin abin da ake cusawa a wurin, ELM327, kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth, ka sauke Torque ko Car Scanner, cikin minti biyu lambar ta fito. P0455 yawanci murfin tanki ne ko wata tiyo da ta tsage. P0300 tsallake wuta ne. P0420 katalis ne ya gaji, ko kuma, kamar yadda ake yawan samu a nan, an ƙwaƙule cikinsa tun kafin motar ta zo hannunka. P0128 kuwa sau da yawa shaidar wata ɗabi'ar ce da nake yaƙi da ita, wato cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan aka hana shi kaiwa can, kwamfutar za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur, kai kuma kana zargin direba da shan mai.

Ban ce lambar ita ce gyara ba. Tana nuna wa fita ƙofar da zai shiga ne, maimakon ya yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinka. A Magazin na Suame a Kumasi da Abossey Okai akwai masu na'urar bincike da suka san aikinsu ƙwarai, irinsu za ka nema. Ka guji wanda zai cire kan batir na minti goma ya ce ya gyara. Goge lambar ya yi, bayan kwana biyu fitilar za ta dawo, idan kuma Honda ce tsohuwa rediyon ya tsaya yana neman lambar sirrinsa.

Bara na raka wani ɗan'uwana duba motar da zai saya. Fenti yana ƙyalli, kujeru suna ƙamshi, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa ko fitila ɗaya ba ta kunne. Na ce a ba ni makulli. Na murɗa shi zuwa inda allo ke kawo wuta ban tayar da inji ba, na tsaya ina ƙirga fitilu. Ta batir ta zo, buta ta zo, ta birki ta zo. Ta inji shiru, ta jakar iska shiru. Da muka sa aka kwance allon, sai ga baƙin gam an ɗiɗɗiga a kan ƙwayayen biyu, ya bushe ƙamas. Motar ta taɓa yin haɗari, jakunkunan iskan sun fashe, an ɗinke sitiyari an rufe. Ɗan'uwan nan nawa matarsa da 'ya'yansa uku zai riƙa ɗauka a ciki zuwa Tamale kowace Sallah. Har yau idan na tuna gam ɗin nan raina yana ɓaci.

Saboda haka nake roƙon kowa ya ɗauki wannan ɗabi'a: kafin ka tayar da mota da safe, kawo wuta ka jira daƙiƙa biyar, lokacin da kake addu'ar hawa abin hawa ma ya isa. Fitilu duka su zo, bayan inji ya tashi kuma su ɗauke. Mai maɓallin tayarwa ya danna ba tare da taka birki ba, har fitilun allo su kawo. Wadda ta ƙi zuwa ta fi wadda ta ƙi tafiya ban tsoro. Launi kuma yana da ma'ana: ja a tsaya yanzu, ruwan ɗorawa a kai asibitin mota cikin makon nan, kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa. Idan jar alamar batir ta kunnu ana tafiya, ba batir ne ya ƙare ba, altaneta ce ta daina caji ko fanbel ya tsinke, kuma a motoci da yawa bel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa, don haka ido ya koma kan allurar zafi nan take. Idan ta hau, a tsaya, kuma kada wanda ya taɓa murfin lagireto sai ya huce.

Alhaji, motocin nan su ne abincin gidanka da na direbobinka, fasinjojin ciki kuma amana ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ɓare salatif ɗin da hannunka.

Wani ɗalibi daga Madina: "Wayata tana haɗuwa da mota, ana jin kira, amma karatun Alƙur'ani da waƙa ba sa fita."

Shiga saitin Bluetooth na wayar, taɓa sunan motar, ka kunna sautin kafofin sauraro, na kira ne kaɗai a kunne. Sannan ka danna maɓallin zaɓen tushen sauti a mota har ya bar FM ya koma Bluetooth. Idan ya ƙi, goge tsofaffin wayoyin mai motar na farko, su ne suka cika wurin. Wasu motocin wajen 2008 kira kaɗai suka iya, sai ka nemi igiyar AUX.

Wani direban Bolt daga Tafo: "Da an fara ruwan sama gilashin gaba ya yi hazo, sai na riƙa gogewa da hankici."

Hankicin nan maiƙo yake ƙara wa gilashin, ɗan'uwa. Kunna esi, juya iska zuwa alamar gilashi mai kibau uku masu lanƙwasa, ka kashe maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a cikinta, domin numfashin fasinjojinka yake ta juyawa. Na san mai kake tattali, amma minti biyu na esi bai kai kuɗin bamba ba.

Wata malamar makaranta daga Mamobi: "Sau biyu ana yi mini hon da dare ana cewa ba ni da fitilar baya, alhali gabana akwai haske, allo ma yana haske."

Malama, ki gode wa masu hon ɗin. Motocin yanzu allonsu a haske yake dare da rana, kuma suna da fitilar rana a gaba wadda ke kunna kanta. Ita kike gani, amma a motoci da yawa ba ta kunna na baya, sai ki zama kina tafiya a duhu ga trotro, wato motar haya, da ke bin ki. Duba allo: idan babu koriyar alamar fitila, to ba ki kunna ba. Murɗa kan sandar sigina zuwa hoton fitila, ko ki bar shi a AUTO idan motar tana da shi. Shuɗiyar alama kuwa babbar fitila ce, ki sauke ta idan wata mota tana tahowa. Yau da magariba ki kunna, ki fita ki zagaya bayan motar ki gani da idonki.